Me ya haɗa hoton birni da gumakan coci a ɗaki ɗaya?

Malam, ka ce ka ga dogon hoton birni a jikin bango, kusa da tsofaffin sassaƙen coci a gidan tarihi, kana tambayar ko cika wuri kawai aka yi. A'a, da dalili.

Yawancin sassaƙen nan ba don ɗaki aka yi su ba. Ga misali: a Paris akwai mutum-mutumin sarakunan Yahuda 28 a fuskar cocin Notre-Dame. A 1793 masu juyin juya hali suka ɗauka sarakunan Faransa ne, suka sare kawunansu. Sai a 1977 aka tono kawuna 21 a harabar wani banki, yanzu suna gidan tarihin Cluny. Ka tsaya gaban kai ɗaya, za ka ga ya yi girma fiye da kima, domin daga ƙasa aka shirya a riƙa hango shi, can sama. Irin wannan dutse idan aka jera shi da faffaɗan hoton birni, ido na gane tsayin ginin da unguwar da ya fito.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar hoton a matsayin birnin na zamanin da aka yi sassaƙen. Duba shekarar hoton, ƙarnuka ne tsakaninsa da sassaƙen. Kuma kada ka taɓa dutsen, maiƙon hannu na ɓata shi.

In baje koli kake shiryawa, nemi ƙwararren mai adana kayan tarihi ya daidaita fitilu, domin hasken da dutse ke jurewa yana koɗar da takardar hoto.