Tambaya da Amsa: Sayar da Kaya Masu Tsada ga Mai Saye a Ƙasar Waje

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni baduku ne a Kano, ina ɗinka jakunkuna da tumtum na fata, ina kuma sa hotunansu a Instagram. Wani mutum da ya ce yana zaune a Ingila ya nemi kaya na dala 2,400, kuma bai nemi ragin ko sisi ba. Daga baya wani saƙon imel ya zo mini ɗauke da tambarin PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, yana cewa an biya ni dala 3,000, amma an riƙe kuɗin har sai na aika da lambar bin sawun kayan. Mutumin ya ce kuskure ya yi ya ƙara dala 600, don haka in tura su ga wakilinsa mai jigilar kaya ta Western Union. Biyu daga cikin jakunkunan na fatar mesa ne. Shin in aika? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka aika da kayan, kada kuma ka tura wa kowa dala 600. Abin da ka bayyana tsohuwar hanyar damfara ce da aka daɗe ana yi wa masu sayarwa a ƙasashe da yawa, kuma alamominta duka sun cika a labarinka: mai saye da bai taya ba, kuɗin da suka wuce na ciniki, wakilin da ba ka sani ba, da buƙatar a mayar da rarar ta hanyar da idan an karɓi kuɗi ba a iya dawo da su.

Ka fara da saƙon imel ɗin. Tambarin kamfani abu ne da kowa zai iya kwafa ya manna, haka ma sunan da ke bayyana a saman saƙo. Hujja ɗaya tak ake da ita cewa an biya ka, ita ce ka buɗe asusunka da hannunka, ta hanyar rubuta adireshin kamfanin da kanka ko ta manhajarsa, ba ta danna abin da aka turo maka ba, ka ga kuɗin a ciki. Gaskiya ne PayPal yakan riƙe kuɗin sabon mai sayarwa har tsawon kwana 21, kuma da wannan gaskiyar 'yan damfara suke fakewa, amma kuɗin da aka riƙe suna bayyana a cikin asusun a matsayin waɗanda ake jira. Idan asusun bai nuna komai ba, to ba a biya komai ba. Akwai kuma wani abin lura ga mu da ke Najeriya: PayPal ya fara karɓar mazauna ƙasar nan a shekarar 2014, kuma shekaru da dama asusun da aka buɗe daga nan na biyan kuɗi ne kawai, ba ya karɓa. Ya kamata ka tabbatar da irin asusun da kake da shi tun kafin ka shiga ciniki da kowa.

Abin da mutumin nan yake nema shi ne dala 600 na gaske daga aljihunka, a madadin dala 3,000 da babu su. Idan kayan ma sun tafi, ya samu ƙari. Wannan dabara tana zuwa da kama daban-daban. Wani zai aiko da cakin bankin ƙasar waje, wanda yakan ɗauki makonni kafin a tabbatar da ingancinsa, ya matsa maka lamba ka mayar da rarar kafin a gano na bogi ne. Wani zai turo hoton takardar tura kuɗi tsakanin bankunan ƙasashe, wato SWIFT, mai cike da hatimi da lambobi, wadda ba ta da bambanci da alat ɗin bogi da 'yan kasuwarmu suka sani sarai. Mafi muni ita ce wadda kuɗi na gaske suke shigowa asusunka, amma daga katin da aka sata ko asusun da aka yi wa kutse. Idan mai kuɗin ya kai ƙara, asusunka za a fara rufewa, kuma kai ne za ka yi wa banki ko hukumar EFCC bayani, domin sunanka ne a rubuce, wanda ya yaudare ka kuwa ba shi da suna ba shi da adireshi. Saboda haka duk wanda ya ce ya biya fiye da kima, amsarsa ɗaya ce: a soke biyan gaba ɗaya ta hanyar da ya zo, ya sake biyan daidai abin da aka sallama.

Maganar fatar mesa kuwa, ko da mai sayen na gaskiya ne, tana iya jawo maka asara. Mesa da kada da guza suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta shafa, wadda aka sa wa hannu a birnin Washington a 1973, kuma Najeriya da Birtaniya duk suna cikinta. Kayan da aka yi da fatunsu ba sa ƙetare iyaka sai da takardar izini, dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ma ta tsaurara a kansu. Jami'an kwastam na can suna ƙwace irin waɗannan kaya, kuma idan an ƙwace, mai saye zai ce bai samu kayansa ba ya nemi kuɗinsa. Shawarata ita ce ka tsaya ga fatar akuya da ta tunkiya da ta saniya, waɗanda da su majeman Kano suka yi suna tun zamanin fataucin hamada, kuma ka rubuta irin fatar a fili a takardar kaya.

Ka adana saƙonnin da ya turo maka, ka kai rahoton asusunsa a dandalin da ya same ka, sannan ka daina amsa masa. Kada ka yi mamaki idan ya koma barazana, ko wani saƙo ya zo da sunan 'yan sandan ƙasarsu yana cewa ka riƙe kuɗin wani. Duk cikin shirin ne.

TAMBAYA: Ina sayar da manyan riguna masu aikin hannu, irin su aska takwas, waɗanda masu ɗinki suke shafe watanni a kansu. Wani mutum a Amurka ya sayi riga da hula na dala 1,100, ya biya da katin banki, kuɗi suka shigo, na aika da kaya. Bayan wata biyu sai aka cire kuɗin daga asusuna, wai ya ce kayan ba su isa hannunsa ba. Ta yaya za a cire kuɗin da suka riga suka shigo, kuma me zan yi nan gaba? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Tambayarki ta fi ta farko muhimmanci a ganina, domin ke kin yi abin da ake cewa a yi, kin jira kuɗi sun shigo kafin ki aika, amma duk da haka asara ta same ki.

Dalili shi ne biyan kuɗi da kati ba ya zama tabbatacce a ranar da aka yi shi. Dokokin kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard sun ba mai kati damar ƙalubalantar ciniki ta bankinsa, galibi cikin kwana 120, PayPal kuma yana ba mai saye har kwana 180 ya shigar da ƙorafi. An yi wannan tsari ne don kare masu saye daga 'yan kasuwar da ke karɓar kuɗi su ɓace, kuma manufa ce mai kyau, sai dai marasa tsoron Allah suna amfani da ita su ci kaya su kuma karɓi kuɗi. Ƙorafin yakan zo ta ɗaya daga hanyoyi uku: kayan ba su iso ba, ko sun iso amma ba su ne aka nuna a hoto ba, ko kuma mai katin bai san da cinikin ba sam. Da zarar an shigar, bankinsa zai janye kuɗin, a ba ki ƙayyadadden lokaci ki kawo hujja. Wanda bai amsa ba cikin wa'adin ya sha kaye ko da yana da gaskiya, don haka idan wa'adinki bai ƙare ba, ki tuntuɓi kamfanin da ya karɓar miki kuɗin yau ɗin nan.

Hujjar da ake saurara a rubuce take. Rasiɗin aikawa kaɗai yana nuna kayan sun bar hannunki, abin da ake so a gani kuwa shi ne sun shiga hannunsa. Ki nemi kamfanin jigilar ya ba ki shaidar isar da kaya mai ɗauke da rana da adireshi da sa hannun wanda ya karɓa, ki haɗa da saƙonnin da kuka yi musaya, musamman idan akwai inda ya yi godiya ko ya yaba rigar. A ƙa'idar PayPal, kafin a kare mai sayarwa daga irin wannan ƙorafi, dole a aika kayan zuwa adireshin da ke cikin bayanin biyan kuɗin. Wannan sharaɗi shi ne inda mutane da yawa suke faɗawa. Mai saye zai biya, sannan ya rubuto cewa a aika wa ɗan'uwansa a wani gari, ko kyauta ce ga wani a wata ƙasa, kuma duk wanda ya amince ya zubar da kariyarsa da hannunsa. Nan gaba ki ɗauki bidiyon kayan tun daga naɗewa har zuwa rufe kwali, ki tabbatar an rubuta nauyin kwalin a rasiɗi, domin da shi ake ƙaryata mai cewa kwali ya zo masa babu komai a ciki.

Akwai haɗarin da ba na damfara ba ne, amma yana cin jarin mutane haka nan. Mutane sukan rage darajar kaya a takardar kwastam, sau da yawa bisa roƙon mai saye don ya kauce wa haraji. Wannan saɓa doka ne, kuma idan kwali ya ɓace, ba za a biya diyyar da ta wuce abin da aka rubuta ba. Ko an rubuta gaskiya ma, diyyar da kamfanonin jigila suke biya in babu inshora tana da iyaka, a jigilar jirgin sama bisa nauyi ake lissafa ta, kuma riga mai aikin hannu darajarta ba a nauyinta take ba. Ki sayi inshora ta cikakkiyar daraja, ki sa kuɗinta a cikin farashi. Sannan ku yi magana a rubuce kan wanda zai biya harajin shigar da kaya. Amurka ta daɗe tana yafe haraji ga ƙananan kayan da ba su wuce dala 800 ba, amma ta dakatar da wannan rangwame ga dukan ƙasashe daga ranar 29 ga Agusta, 2025, Tarayyar Turai kuma tun 1 ga Yuli, 2021 take karɓar harajin VAT a kan kowane kaya komai ƙanƙantarsa. Mai sayen da aka yi wa ba-zata da haraji a ƙofar gidansa yakan ƙi karɓa, kayan su dawo a kan kuɗinki ko su lalace a ma'ajiya.

Game da hanyar karɓar kuɗi, ga kaya masu tsada na fi natsuwa da turawa daga banki zuwa banki, kai tsaye cikin asusunki na dala, ki kuma jira bankinki ya tabbatar miki sun zauna, kuma sunan mai turowa ya dace da sunan mai saye. Irin wannan biya yana da wuyar janyewa. Sai dai adalci ne mu tuna cewa mai saye na gaskiya shi ma yana tsoro, kuma ta'asar 'yan 419 ta sa ɗan kasuwar Najeriya mai amana yana ɗaukar zargin da ba nasa ba. Mutumin da bai taɓa ganinki ba zai yi nauyin hannu wajen tura dala dubu ta hanyar da ba shi da kariya. A nan ne kamfanonin riƙon amana suke da amfani: mai saye ya ajiye kuɗi a wurinsu, su sanar da ke, ki aika da kaya, ya duba cikin kwanakin da kuka amince, sannan a sakar miki kuɗi. Escrow.com, wanda ke aiki tun 1999, yana cikin sanannun. Ki bincika da kanki ko suna biyan kuɗi zuwa bankinki, kuma ke ce za ki zaɓi kamfanin, domin 'yan damfara suna ƙirƙirar shafukan riƙon amana na bogi su ce da su kaɗai suka yarda.

Tun da rigunanki na aikin hannu ne da ake ɗinkawa bisa oda, kina da damar neman kafin alƙalami mai kauri kafin a sa allura, a cika sauran kafin kaya su tashi. Da sabon mai saye ki fara da hula ko ƙaramar riga, ki yi magana da shi ta kiran bidiyo, ki ga ko sunansa da adireshinsa da ƙasar da katinsa ya fito sun yi daidai da juna. Wannan taka-tsantsan ya zama dole ne saboda shigar da ƙara a kotun Amurka kan dala 1,100 zai ci fiye da kuɗin rigar tun kafin a fara zama. Idan kuma cinikin waje ya fara yawa, ki yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, ki riƙa cika fom ɗin NXP na bayyana kayan da za a fitar ta bankinki, ki kuma sani cewa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce kuɗin kayan da ba na man fetur ba su dawo gida cikin kwana 180 daga ranar da aka fitar da su. Takardun nan suna da ɗan wahala a farko, amma su ne za su nuna wa bankinki asalin dalolin da ke shigowa asusunki a ranar da ya tambaya.