Amsa ga mai neman tallafin motar rabon abinci

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ƙungiyarku ta matasa na son mota ta riƙa kai abinci ƙauyukan da rabo ba ya isa, kana tambayar inda ake samun kuɗin. Mun yi wannan aiki a yankin Haɗeja da Auyo bayan ambaliyar 2022, bari in gaya maka inda muka sha wuya.

Kada ka roƙi mota. Mu mun roƙa, wata gidauniya ta ba mu tsohuwar bas, har walima muka yi. Yarjejeniyar ba ta ce komai kan mai, direba ko gyara ba, mu kuma ɗoki ya rufe mana ido. Ana nan aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Bas ɗin na nan a ƙofar gidan sakatarenmu, tayoyi sun sace, kaji na kwana ƙarƙashinta. Yanzu haya muke yi: akori-kura ranar da ba kasuwa, inda ruwa ya yanke hanya kuma amalanke ko kwalekwale. A kasafinka ka rubuta kuɗin haya, mai, 'yan dako da buhunan zubi, kowanne daban. Abin da ba ka rubuta ba, aljihunka zai biya.

Kafin ka tunkari kowa, ka mallaki rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), takardar SCUML (sashen hana halasta kuɗin haram) da ke ƙarƙashin EFCC, da asusun banki da sunan ƙungiya, ba na shugaba ba.

Batun masu bayarwa kuwa, gaskiya kasuwa ta faɗi tun da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025. WFP, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita kanta kukan rashin kuɗi take. Akwai asusun jinƙai da ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya ke riƙewa tun 2017, amma ƙarfinsa na Borno, Adamawa da Yobe, kuma ƙaramar ƙungiya galibi sai ta raɓi babba ake yi da ita. Mu dai abin da ya riƙe mu zakkar hatsi ce. Da kaka muna bin manoma da 'yan kasuwar Gujungu, mu tara gero da dawa lokacin da suke araha, mu ajiye sai Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabo bai nuna ba. Littafin da muka rubuta wannan rabon, da sa hannu da dangwale, shi ne ya sa daga baya wata babbar ƙungiya ta yarda da mu.

Sannan don Allah kada ka yi shelar ranar rabo. Ka tuna Disambar 2024: yara 35 suka rasu a turmutsutsu wajen rabon kyauta a Ibadan, aka sake yi a Okija ta jihar Anambra da Abuja cikin mako guda. Mu kati muke kai wa gida-gida tun jajibiri. Sunaye kuma ba ma barin mai unguwa shi kaɗai ya rubuta, don 'yan uwa za su yi yawa. Muna haɗa shi da liman da ungozoma. Ita ce ke shiga cikin gidaje, ita ta san wadda ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba amma kunya ta hana ta fitowa.

In kana son ganin yadda muke tsara kasafin, yi min magana ta gefe in turo maka.