Amsar Kawu Idrisa kan fitilun da Bashir ya gani a sama

(Hauwa'u ce ta rubuta wannan daga muryar da Kawu Idrisa ya turo daga Gadarif a zauren dangi, saboda 'yan'uwanmu na Mai Wurno da intanet ba ya buɗe musu murya.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar gida, barkanmu da dare. Yaya Hajiya, ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

To Bashir, na kalli bidiyon da ka turo, har sau uku. Fitilu a jere kamar carbi bayan magariba, suna tafiya ba ƙara, can kuma suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ka ce abokanka sun ce jiragen halittun wata duniya ne, abin nan da ake kira yufo, wai har Amurka ta amsa akwai su. Yaya Hajiya kuma ta ce aljanu ne ke ƙaura, a yi ta'awwuzi. Neman tsari kam a yi shi kullum, Yaya, alheri ne. Amma ku ba ni aron kunnuwanku.

Bashir, ban ce ƙarya ka yi ba. Ka gani da idonka, wayarka ma ta gani. Inda nake so mu tsaya shi ne sunan da aka ba abin. Ni a ganina taurarin ɗan'adam ne na Starlink. Kun tuna farantin nan da mutane suka dinga biyan kuɗi a shaguna don su samu intanet, lokacin da layukan waya suka ɗauke a 2024? To da su yake magana. Kamfanin SpaceX ke harba su da yawa a tashi ɗaya, tun 2019 da ya fara da guda 60. A kwanakin farko suna bin juna a layi, daga baya kowanne ya kama gurbinsa, ɗaruruwan kilomita sama da mu. Ba fitila gare su ba. Rana ta faɗi a wurinmu amma su can sama tana haska su, shi ya sa sai bayan magariba ko kafin asuba ake ganinsu. Da sun shiga inuwar duniya sai su ɓace, na gaba ya riga na baya, kamar dai yadda ka ɗauka.

Bari in ba ku labarin da ya sa ba na saurin karɓar irin wannan magana, kuma a ƙasarmu aka yi shi, ba a nesa ba.

Ranar 6 ga Oktoba 2008, wani masanin taurari mai suna Richard Kowalski, a jihar Arizona ta Amurka, ya hango wani ɗan dutse a madubin hangen nesa yana tunkaro duniya. Faɗinsa wajen mita 4 ne. Aka yi lissafi, aka ce gobe da asuba zai shigo ta arewacin Sudan. Kun ji? Kafin ya zo aka faɗi lokaci, aka faɗi wuri, kuma shi ne karo na farko a tarihi da aka yi hakan. Ranar 7 ga wata, ƙarfe 5:46 na asuba agogonmu na wancan lokaci, ya shigo ya fashe kilomita 37 a saman Hamadar Nuba. Mutanen Wadi Halfa sun ga hasken, wasu suka ɗauki hoton hayaƙin da ya bari da gari ya soma wayewa. Wani matuƙin jirgin KLM da ke shawagi ta saman Cadi ma ya hango walƙiyar.

Ku ɗauka ku ne kuka fito sallar asuba kuka ga sama ta haske haka. Me za ku ce? Wallahi kowa da abin da zai faɗa, kuma ba mai ganin laifinsa.

Amma malamai ba su tsaya a ka-ce-na-ce ba. A watan Disamba, Dokta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartum ya kwashi ɗalibansa, tare da wani masani Peter Jenniskens, suka nufi hamada, kusa da tasha ta 6 ta layin dogo da ke tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad. Suka jeru sahu guda, suna takawa a ƙafa, ido a ƙasa, cikin rairayi da tsakuwa. Suka fara tsintar baƙaƙen duwatsu. Da aka yi ta komawa, abin da aka tara ya kai gutsure wajen 600, nauyin kilo 10 da ɗoriya. Sunan da duniya ta san dutsen da shi har yau Almahatta Sitta, sunan tasharmu. Aka kai ɗakunan bincike a ƙasashe daban-daban, aka yanka, aka duba, har ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u aka samu a ciki. Ni lokacin ina koyarwa a Sinnar, sai da na ajiye darasin ranar na ba yara wannan labari, don 'ya'yanmu ne suka tsinto shi da hannunsu.

Shi kuma Jenniskens ɗin nan, a cibiyar SETI yake aiki, wadda aikinta shi ne neman alamar halittu masu hankali a wajen duniyarmu. Ba wanda ya kai su son a ce an samu. Amma da ya ɗauki abin ya duba, dutse ya gani, dutse ya ce.

To Bashir, dutse mai mita 4 ya zo sau ɗaya, ya bar mana lokaci, ya bar wuri, ya bar shaidu da ba su san juna ba, ya bar abin da za ka riƙe a tafin hannu. Jiragen da ake cewa suna ta zirga-zirga tun 1947 fa? Ina ƙusa ɗaya da aka ajiye a teburi kowace jami'a ta zo ta gwada? Kullum hoto dishi-dishi, kullum wani ya ce wani ya ce.

(Murya ta biyu)

Afuwan, layi ne ya yanke. Maganar Amurka nake so in taɓa. Gaskiya ne a 2020 ma'aikatar tsaronsu ta saki bidiyo 3 da matuƙan jiragen yaƙi suka ɗauka. A 2021 hukumomin leƙen asirinsu suka fitar da rahoto kan abubuwa 144 da aka gani: guda 1 suka ce balan-balan ce da ke sacewa, sauran suka ce bayanan hannunsu ba su isa a yanke hukunci ba. A 2024 ofishin da suka kafa don wannan aiki ya ce bai samu wata hujja ta ƙere-ƙeren wata duniya ba. Kalmar yufo ɗin kanta ma'anarta abin da aka gani a sama ba a gane shi ba. Wanda ya ce "ban gane ba" bai ce "baƙi ne daga taurari" ba. In ka ji motsi a zaure cikin dare ba ka ga mai yi ba, ai ba za ka rantse Sarkin Musulmi ne ya zo ba.

Ga kuma nisa. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, haske kansa sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso daga can. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, amma da can ya nufa, sai ya haura shekara 70,000 a hanya.

Kada wani ya ce Kawu ya ce babu wata halitta sai mu. A'a. A Suratush Shura, aya ta 29, Allah ya ambaci halittar sammai da ƙasa da abin da ya watsa a cikinsu na dabba, malamai kuma sun yi magana a kai. Mulkinsa ya fi ƙarfin saninmu. Aljanu ma, Yaya Hajiya, mun yi imani da su, sura guda aka saukar da sunansu. Amma imani da samuwarsu daban, nuna wani haske a ce su ne daban. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Yana cikin baƙin cikin rashin ɗa, amma bai bar maganar ta wuce ba. Ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Abin da ya fi damuna kuwa, halin da muke ciki ne. Tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023, haske a sama ba abin kallo ba ne kawai. Akwai jirage marasa matuƙa, musayyara, kun san su. Ina tsoron yaro ya saba jin cewa duk haske baƙon wata duniya ne, ya fito tsakar gida da waya yana ɗauka. Don Allah iyaye mata ku faɗa wa yara: in haske na tafe ƙasa-ƙasa, ko ana jin ƙugi kamar na babur daga nesa, a shige ɗaki, a nisanci taga, a bar ɗaukar hoto.

Bashir, ka turo mini ranar da ka ɗauka, da ƙarfe nawa ne daidai, da ta inda suka ɓullo, yamma ko arewa. Akwai manhajar da ke nuna lokacin wucewarsu a kowane gari, zan duba in turo hoton nan zaure kowa ya gani. In bai dace da lokacinka ba, zan dawo in ce ba su ba ne, mu ci gaba da nema tare. Kafin nan ka dakata da tura bidiyon zuwa wasu zauruka da rubutun cewa yufo ne a ƙasansa.

Hauwa'u, ki rubuta wa su Inna wannan. A gaida yara. Sai da safe.