Ko hormon zai hana kuɓewa yin baƙi a ɗakin sanyi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Mu mata ne masu sayar da kayan gwari a Garwa, ƙungiyarmu ta samu ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana. To amma kwana kaɗan kuɓewa ta yi baƙi, tattasai ya lotsa, kabeji ya yi rawaya. An ce mana akwai hormon da ake fesa wa kaya. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai shi. Hormon wani sinadari ne da jikin shuka ke samarwa don tafiyar da girma da nuna. Amma kafin ku fitar da ko sefa ɗaya, ku leƙa ma'aunin ɗakin. Ina kyautata zaton kun sauke shi zuwa digiri 4, kamar firjin gida. Kuɓewa da tattasai kayan ƙasar zafi ne, digiri 7 zuwa 10 suke so. In aka yi ƙasa da haka sanyin da kansa ke ƙona su, shi ne baƙin nan da lotsawar. Ɗanyen tumatir ya fi su raki, sai wajen 13. Kabeji, latas da karas kuwa, ko an kai kusa da sifili ba ruwansu.

Rawayar kabeji daban take. Nunannen tumatir, ayaba da mangwaro suna fitar da wata iska, etilin, wadda ita ma hormon ce. Ita ke tsofar da ganyen da aka kulle tare da su.

Magungunan da aka gaya muku, biyu ne suka shafi sanyi: salisilik asid, ɗan'uwan asfirin, da metil jasmonet, wanda aka fara samowa daga man furen yasmin. Ana tsoma kaya a ruwansu, ko a turara su, kafin su shiga ɗaki. Kamar gargaɗi ne, sai jikin kayan ya ɗaura ɗamarar jure sanyi. Wasu hormon biyu kuma, jibarelin da saitokinin, suna jinkirta gushewar koren ganye. Akwai 1-MCP, wanda ba hormon ba ne, toshe wa etilin hanya yake yi. A Amurka tun 2002 ake amfani da shi a kan tuffa, sai dai yana buƙatar ɗakin da iska ba ta fita, kuma in aka ba tumatir ɗanye shar yana iya ƙin nuna yadda ya kamata.

Matsalar duk tana wajen awo. Ɗan mitsitsi ake sawa, in metil jasmonet ya yi yawa ma shi ke gaggauta rawayar. Don Allah kada wata ta jiƙa asfirin a bokiti ta ce ta haɗa magani, abinci ne mutane za su ci. In kun nace sai kun gwada, ku tuntuɓi ma'aikatan IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, kuma ku tsaya ga abin da ma'aikatar noma ta yi wa rajista.

Ni dai da ɗakin nawa ne, digiri 10 zan ajiye shi, in fitar da ayaba da nunannen tumatir, in nema wa kabeji wani firjin.