Labarin almara da zai sa 'yan JSS dariya

Malama, kin ce kin rubuta wa ɗalibanki labarin kasada mai aljanu da ban dariya, amma da kika karanta musu a aji ko murmushi babu.

Ina jin jarumin naki ne ya cika kirki. Ɗan shekara 12 ba ya dariya da wanda bai taɓa yin kuskure ba. Ki tuna Gizo, kwaɗayinsa ne kullum ke jefa shi rami, kuma shi muka fi so.

Sannan ki dawo da labarin gida Bauchi. Ga gandun dajin Yankari nan. Biran Wikki, wurin ruwan ɗumi da ke cikin dajin, sun saba fizge ledar abinci a hannun baƙi. Ki sa ɗayansu ya iya magana, ya sace wa yarinya zoben sihiri a zaton alewa ne, ta bi shi har cikin kogon dutse na Marshall da ke dajin. Zoben kuma ya zama da doka, a ce ba ya aiki sai mai shi ya yi atishawa.

In akwai dodo a labarin, kada ya cika ban tsoro, kada kuma ki tsaya nasiha ana tsakiyar gudu.

Kafin bugawa, ki kai wa edita ko malamin Hausa ya duba ƙa'idojin rubutu, da abin da iyaye ba za su so ba game da sihirin.