Ciwon mara: wane magani ne ke da hujja?

Tambaya: Likita, shekara biyu ke nan ina fama da ciwon mara. An rubuta mini gabapentin, amma jiri kawai yake sa ni. In ci gaba da sha? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. A 2020 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mata 306 masu daɗaɗɗen ciwon mara da ba a gano musabbabinsa ba. Rabi aka ba su gabapentin, rabi ƙwayar da ba magani a cikinta, kuma ba wadda ta san wacce take sha. Bayan mako 16 sauƙin da suka samu duk ɗaya ne, sai dai masu gabapentin sun fi fama da jiri da yawan barci. Kada ki yanke shi rana ɗaya. Ki koma wurin likitanki a riƙa rage miki a hankali.

Tambaya: Ni ɗalibar jinya ce a Sakkwato. A rahotannin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen magunguna, ina ganin 'yan da'irori huɗu a gefen kowane magani. Me suke nufi?

Amsa: Ma'aunin ƙarfin hujja ne, ana ce masa GRADE. Idan huɗun duka a cike suke, hujjar ta zauna daram. Uku matsakaiciya, biyu mai rauni, ɗaya kuwa kusan lalube ne a duhu. Ana zaftare da'ira idan matan da aka gwada ba su da yawa, ko sun san abin da suke sha, ko gwaje-gwajen sun saɓa wa juna. Amma 'yata, a nan ɗalibai ke zamewa: raunin hujja ba ya nufin magani ba ya aiki. A 2015 an tattara gwaje-gwaje 80 kan dangin ibuprofen wajen ciwon al'ada, aka ga suna rage ciwo, amma makinsu ya yi ƙasa saboda masu binciken ba su fayyace yadda suka yi aikin ba.

Tambaya: Duk sanda mara ta motsa sai mai kemis ya ce sanyi ne, ya haɗa mini kafso. Daga Maraɗi.

Amsa: Ba kowane ciwon mara ne sanyi ba, Hajiya. Kusan mace ɗaya cikin goma na da endometriosis, wato tsiron nama irin na cikin mahaifa a wajenta, kuma maganin ƙwayoyin cuta ba ya taɓa shi. A yi gwaji da hoton ciki tukuna. Idan kuwa kin yi ɓatan wata, ciwo mai tsanani ya soke ki a gefe ɗaya, ki tafi asibiti a ranar, don ciki na iya zama a wajen mahaifa.