Cikon haƙori da shuɗiyar fitila: taurin sama ba shi ne nuna ba

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata huɗu ke nan da aka yi mini farin ciko a matauni, aka haska masa wata shuɗiyar fitila. Yanzu in na sha ruwan sanyi sai zogi, gefen cikon kuma ya fara duhu. Ko fitilar ce ta ƙona mini haƙori? Daga wata uwa a Birnin Kebbi.

Amsa: Hajiya, sannu, Allah ya sawwaƙe. Ban ga haƙorin ba, amma na fi zargin cewa hasken bai isa ba, ba wai ya yi yawa ba.

Abin da aka cusa miki sunansa kwamfozit: wani ƙulli ne mai danƙo, haɗin roba da garin gilashi. Tushensa sinadarin Bis-GMA ne, wanda likitan haƙori ɗan Amurka, Rafael Bowen, ya samar a farkon shekarun 1960. A ciki akwai wani sinadari rawaya, kamfokwinon, wanda ba ya motsi sai shuɗin haske mai tsawon zango wajen nanomita 470 ya sauka a kansa. Daga nan ƙananan ƙwayoyin robar su kama juna su zama dogayen zarurruka, zarurrukan kuma su ɗaure da juna ta gefe.

Ki dubi tarun masuntan Argungu. Zare kawai, komai tsawonsa, ba ya riƙe kifi. Ƙulle-ƙullen da suka haɗa wannan zare da wancan su ne taru. Haka cikon yake. In ɗaurin ya yi yawa, ya yi ƙarfi. In ya yi ƙaranci, yawu ya shige shi, ya yi laushi, ya sha launin shayi da goro.

Matsalar ita ce haske ba ya ratsa kwamfozit na yau da kullum da ƙarfin da zai ƙamar da shi fiye da wajen milimita 2. Shi ya sa muke zuba shi kaɗan-kaɗan, kowane hawa a haska shi sakan 20 zuwa 40. Mai gaggawa ya cika rami mai zurfi lokaci guda, ya haska sama, ya ƙwanƙwasa ya ji tauri, ya sallami mutum. Ƙosai ne aka jefa a mai mai zafi: waje ya yi ja, ciki ɗanye. Na taɓa cire wani irin wannan da aka yi a wani wuri. Samansa sai da na sa inji, ƙasansa kuwa da ɗan cokalinmu na kwashe shi kamar cingam.

Amma ba wannan kaɗai ba ne. Kwamfozit yana tsukewa da kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100 yayin da yake ƙamewa, wani lokaci ya bar ɗan tsagi a gefe, sanyi da ƙwayoyin cuta su samu hanya. Ki koma a duba, a ɗauki hoto. In zogin ya fara tashinki da dare, ko dasashi ya kumbura, kada ki jira gobe.

Tambaya: Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne a jami'ar da ke Aliero. Yaya ake auna yawan ɗaurin da ke cikin robar da haske ya ƙamar, tunda ido ba ya gani?

Amsa: Ɗana, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Abu biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su.

Na farko, kashi nawa na ɗauri biyu da ke tsakanin kabon da kabon ya buɗe ya shiga aiki. Wannan kuwa na'urar FTIR, mai auna yadda abu ke shan hasken infrared, ita ke faɗa: a zanen da take fitarwa, a gwada tsinin da ke kan lamba 1638, na ɗauri biyun, da na kan 1608, wanda ba ya canzawa, kafin haskawa da bayanta. A kwamfozit ɗin haƙori yawanci ana samun kashi 55 zuwa 75 cikin 100. Ba ya kaiwa ɗari, domin da ragar ta fara ƙamewa sauran ƙwayoyin sun maƙale, ba su iya matsawa su kai ga juna.

Na biyu shi ne tsarin ragar kanta, kuma na farkon ba ya ba ka shi. Samfuri biyu za su iya ba da lamba ɗaya, amma ɗaya dogayen zarurruka ne masu ƙulli jefi-jefi, ɗayan kuwa saƙa ce mai ƙananan idanu. Don rarrabe su, hanya mafi sauƙi ita ce a danna tsinin lu'ulu'u a auna tauri, a jiƙa samfurin cikin itanol kwana ɗaya, a sake aunawa. Wanda ya fi yin laushi shi ne mai ƙarancin ɗauri, don itanol ya samu wurin kutsawa. Haka kuma a kan auna nauyi a ga yadda ya kumbura, ko a riƙa lanƙwasa shi a hankali ana ƙara zafi har a ga inda ya bar halin gilashi ya koma halin roba.

Akwai wani gwaji na ISO 4049, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta irin wannan kayan cikon, da nake so saboda rashin tsadarsa: a cika ramin ƙarfe da kwamfozit, a haska daga sama, a kankare ɗanyen da ke ƙasa, a auna tsawon abin da ya rage, a raba biyu; abin da aka samu shi ne zurfin da hasken ke ƙamarwa. Mu a asibiti abin da ya fi damunmu fitilar ce. Batir ya yi sanyi saboda rashin wuta, ko busasshen ciko ya manne a bakinta, za ta ci gaba da yin shuɗi kamar lafiya lau. Sai ɗan ma'aunin ƙarfin haske ke tona asirinta.

Tambaya: Jibi za a yi mini irin wannan cikon. Yaushe zan ci abinci, kuma hasken ba ya illa ga ido? Daga wani ɗan kasuwa a Jega.

Amsa: Alhaji, farin ciko ya ƙame kafin ka tashi daga kujera, ba kamar na azurfa ba da ake jira kwana ɗaya kafin a tauna abu mai tauri. Ka dai bari allurar kashe zafi ta sake ka, kada ka ciji kumatu ba ka sani ba. Ido kuwa, kada ka kalli hasken. Ka rufe, ko ka nemi gilashi mai ruwan lemo. In ka ga likita yana zuba kaɗan yana haskawa, yana sake zubawa, kada ka duba agogo. Goro dai ka rage.